Juye Kaset ɗin Bidiyo Zuwa Kwamfuta: Wane Girman Hoto Za A Zaɓa? Tambayoyi da Amsoshi

Gidaje da yawa suna da kwalin kaset a ƙarƙashin gado ko a saman durowa: na biki, na suna, na saukar karatu, na hawan sallah, na wa'azin watan azumi. Wanda ya yi niyyar juye su zuwa kwamfuta yakan samo tsohuwar na'urar bidiyo, ya sayi 'yar na'urar ɗauka mai shiga ta USB, ya haɗa wayoyi, sai manhaja ta jero masa lambobi ta ce ya zaɓa: 352x288, 640x480, 720x576, 1920x1080. A nan ne galibi ake ɓata aikin tun kafin kaset ya fara juyawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan zaɓi.

A taƙaice, wace lamba zan zaɓa?

Idan kaset ɗin na tsarin talabijin na PAL ne, kamar kusan duk wanda aka ɗauka a Najeriya, Ghana ko Kamaru, zaɓi 720x576, firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 da ke bin juna a kowace daƙiƙa. Idan na NTSC ne, irin wanda ake aikowa daga Amurka, Kanada ko Japan, zaɓi 720x480, firam 29.97 a daƙiƙa. Kada ka bari manhajar ta kumbura hoton, ko ta rage shi, ko ta gyara shi a lokacin ɗauka. Duk wani gyara a yi shi daga baya, a kan kwafi.

Shin kaset ɗin VHS yana da nasa adadin ɗigon hoto?

Ba shi da shi. Babu fiksel ko ɗaya a jikin kaset. Abin da ke jikinsa sigina ce ta lantarki da aka rubuta da maganaɗisu, tana hawa tana sauka gwargwadon haske da duhun abin da kyamara ta gani. Amma siginar ba sakaka take ba, a jere take layi-layi daga sama zuwa ƙasa, yadda tsohuwar talabijin mai ƙeya take zana hoto. A tsarin PAL layukan 625 ne, 576 daga cikinsu ne ke ɗauke da hoto, sauran na daidaita tafiyar siginar ne. A NTSC 525 ne, kimanin 480 ke ɗauke da hoto.

Saboda haka lambar tsaye, wato 576 ko 480, ba zaɓinka ba ce. Haka siginar ta zo. Layi 576 ne suka fito daga na'urar bidiyo, ko kaset ɗin sabo ne fil, ko ya sha jiki. Idan ka ɗauka da ƙasa da haka ka zubar da wasu layuka, idan ka ɗauka da sama da haka na'ura ta ƙirƙiro layukan da babu su.

Lambar kwance ce kawai ke da sauƙin jayayya, domin a cikin kowane layi siginar a miƙe take ba yankewa, kuma na'urar ɗauka ce ke yanke shawarar sau nawa za ta auna ta. Tun 1982 aka tsayar da ƙa'ida ta duniya a kan wannan, wadda ake kira 601, ta hukumar sadarwa ta ITU. Ƙa'idar ta ce a auna hasken hoto sau miliyan 13.5 a daƙiƙa. Ɓangaren layin PAL mai ɗauke da hoto yana ɗaukar kusan maikurosakan 52, wato kashi 52 cikin miliyan na daƙiƙa, in ka yi lissafi za ka samu awo 702, sai aka bar ɗan sarari hagu da dama ya zama 720. Daga nan 720 ta samo asali, kuma a kanta aka gina DVD da kyamarorin DV da yawancin na'urorin ɗauka. Ma'ana, ko wace lamba ka zaɓa a manhaja, a cikin cikinta na'urar 720 take aunawa, sannan ta matse ko ta ja zuwa abin da ka nema. Zaɓin 720 shi ne karɓar abin da ta auna ba tare da ta sa masa hannu ba.

To ai na ji ana cewa VHS layi 240 kawai yake da shi. Me ya kawo 576?

Wannan shi ne ruɗanin da ya fi jawo asara. Layi 240 ɗin da ake faɗa ba layukan da ke jere daga sama zuwa ƙasa ba ne. Awo ne na kaifin hoto a kwance: idan aka jera sanduna baƙi da fari a tsaye, guda nawa ido zai iya rarrabewa a faɗin da ya yi daidai da tsayin allon kafin su cakuɗe su zama toka-toka. Ga VHS amsar kimanin 240 ce, wanda in aka shimfiɗa shi a dukkan faɗin allo mai fasalin 4:3 zai kai wajen 320. Dalili shi ne kaset ɗin ba ya iya riƙe siginar haske da ta wuce kusan megahaz 3.

Kala kuwa ta fi haka rauni nesa ba kusa ba, kaifinta a kwance bai wuce layi 30 zuwa 40 ba. Shi ya sa jan gyalen amarya yake malalowa ya taɓa farin mayafin wadda ke gefenta, kuma ɗinkin aska a wuyan babbar riga kana ganin fasalinsa amma zaren ya narke. Wannan duk a kwance ne. A tsaye kuwa layuka 576 suna nan cif, kowanne da abin da ya ɗauko. Wanda ya ji 240 ya je ya zaɓi 320x240 ya yi wa kaset ɗinsa kisan mummuƙe.

Tun da kaifin kwance bai wuce 320 ba, 352x576 ba zai isa ba?

A lissafin takarda yana dab da isa, kuma a farkon shekarun 2000 mutane da yawa sun yi amfani da shi domin DVD yana karɓarsa, ga shi rumbun kwamfuta a lokacin ƙarami ne da tsada. Layukan tsaye duka suna nan, wannan shi ne alherinsa.

Sai dai ni ba na ba da shawararsa a yau. Na farko, 352 ya yi kusa da iyakar da yawa, babu sararin numfashi, gefen abubuwa masu kaifi kamar rubutun kwanan wata da kyamara ke bugawa a kusurwar hoto yakan ɗan yi laushi. Na biyu, kamar yadda na ce, na'urar 720 take aunawa sannan ta rage, kuma na'urori masu araha ba su iya ragewa da kyau ba, wasu tsallake ɗigo kawai suke yi. Na uku, manhajojin goge yayyafi, wato ɗige-ɗigen da ke yawo a hoton kaset, da gyaran kala sun fi aiki mai kyau idan aka ba su hoton da aka auna da yalwa. In dai wurin ajiya ne damuwar, ɗauki 720, ka gyara, ka rage daga baya da manhajar da ta ƙware.

Mu da muka saba da VCD, 352x288 fa? Ai hotonsa kamar na kaset ne.

Ana yawan faɗin haka, kuma da wannan magana aka tallata VCD, amma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. 288 rabin 576 ne daidai, kuma hanyar da ake samun sa ita ce a jefar da rabin layukan. Ba kaifi kawai ake rasawa ba, har da rabin motsi, domin dalilin da zan bayyana a ƙasa. Sannan VCD yana matse hoto da tsarin MPEG-1 a kan kilobit 1,150 a daƙiƙa, abin da ke sa fuska ta farfashe zuwa 'yan murabba'ai da zarar an fara rawa ko kyamara ta juya da sauri. Yawan ɗigon 352x288 shi ne 101,376, na 720x576 kuwa 414,720, wato ka riƙe kashi ɗaya cikin huɗu ka watsar da uku.

Idan a da can an taɓa juye maka kaset zuwa VCD kuma kaset ɗin yana nan, a sake juyewa daga kaset ɗin. Kada a ɗauko daga faifan.

Na'urata tana iya 1920x1080. Ba gara in ɗauka da mafi girma ba?

A'a. 1920x1080 ɗigo 2,073,600 ne, ninki biyar cif na 720x576, kuma huɗu daga cikin kowane biyar ƙirƙira ce. Babu wani abu a kaset ɗin da zai cike su.

Da girman fayil ne kawai matsalar da da sauƙi. Yawancin masu ɗaukar kaset a 1080 suna bi ne ta 'yar akwatin nan mai karɓar wayoyi uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, ta fitar da HDMI. An yi akwatin ne don a haɗa tsohuwar na'ura da sabuwar talabijin a kalla, ba don adana tarihi ba. A cikinta ana yin abubuwa uku a gaggauce: a warware saƙar hoton, wadda zan bayyana a ƙasa, ta hanya mafi arha, a kumbura shi, sau da yawa kuma a ja shi ya cika allo mai faɗin 16:9, har siririn ango ya koma ƙato mai faffaɗar fuska. Wasu ma suna fitar da firam 60 daga kaset mai 25, motsi ya riƙa tsalle-tsalle. Da zarar waɗannan sun shiga fayil sun zauna ke nan, babu manhajar da za ta dawo da hoton asali. Fayil ɗin zai rubuta 1080 a jikinsa, mai shi ya yi ta murna, alhali wanda ya ɗauka a 720x576 ya fi shi hoto.

Na ɗauka a 720x576, amma duk inda aka yi motsi sai gefen abu ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Na'urar ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Hasali ma wannan alama ce ta cewa ka ɗauka daidai.

Hoton talabijin na da saƙa shi ake yi. Kowane firam falle biyu ne: falle na farko yana ɗauke da layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, na biyu yana ɗauke da na 2, na 4, na 6. Kowanne layi 288. Abin lura shi ne ba lokaci ɗaya kyamara ta ɗauke su ba, akwai tazarar kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa a tsakaninsu. Ɗauki hannun makaɗi a kan kalangu: a falle na farko hannun yana sama, kafin na biyu ya sauko kaɗan. Tsohuwar talabijin tana nuna su bi da bi, ido ya ga motsi mai santsi sau 50 a daƙiƙa. Allon kwamfuta kuwa yana haɗa su wuri ɗaya ya nuna, sai hannun ya fito a wuri biyu, layi a nan, layi a can.

Wannan ne ya sa lambar tsaye ba abar wasa ba ce. Idan ka ɗauka a 288, falle guda ya tafi, motsi 50 ya koma 25. Idan kuma ka ɗauki kaset ɗin PAL a 480 ko 600 ko 720 a tsaye, manhaja za ta cakuɗa layukan falle biyun wajen canza girma, su zama wasu kaurara-kauraran igiyoyi a gefen duk abin da ke motsi, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Yadda ake yi shi ne a adana fayil na asali da saƙarsa. In za a kalla, manhajar VLC tana da wurin warware saƙa a lokacin kallo. In za a fitar da kwafin rabawa, a warware da abu mai kyau: QTGMC shi ne wanda masu wannan aiki suka fi yarda da shi ko da yake yana da nauyi da wuyar saitawa, Bwdif da Yadif kuma suna cikin manhajojin HandBrake da FFmpeg. A zaɓi saitin da ke mayar da kowane falle cikakken firam, a samu 50 a daƙiƙa. In ka ga motsi yana gaba yana baya bayan warwarewa, jerin falle ne ya juye, sai a sauya wanda ke fara zuwa, na sama ko na ƙasa.

Me ya sa mutane suka ɗan rame a fayil ɗin? Kuma mene ne 704 da 768 da nake gani?

Raba 720 da 576 za ka samu 5:4, alhali talabijin ɗin da aka yi kaset dominta 4:3 ce. Ɗigon wannan tsari ba murabba'i ba ne, a PAL ya ɗan fi faɗi. Idan manhajar kallo ba ta san haka ba sai ta nuna shi a murabba'i, mutane su yi tsawo su tsuke. A NTSC akasin haka ne, 720x480 yana sa su yi ƙiba.

Maganin ba canza girman ɗauka ba ne. A sa wa fayil alamar cewa a nuna shi a 4:3, shi ke nan. Ga mai son daidaito sosai, hoton 4:3 na gaskiya yana cikin ɗigo 704 na tsakiya, takwas na hagu da takwas na dama galibi baƙi ne. Sai a yanke su, a mayar da 704x576 zuwa 768x576 a kwafin kallo, ko 640x480 in NTSC ne. Bambancin yankewa da rashin yankewa kusan kashi biyu cikin ɗari ne, ba kowane ido ke kama shi ba. 768 lambar fitarwa ce, ba ta ɗauka ba.

Ta yaya zan san tsarin kaset ɗina?

Fara da inda aka ɗauke shi. Najeriya da Ghana da Ingila da Jamus PAL suka yi amfani da shi. Nijar da Chadi, kamar Faransa, SECAM gidajen talabijin ɗinsu suka yi amfani da shi, don haka shirin da aka naɗa daga talabijin a Yamai ko Damagaram yana iya zama SECAM ko ɗan'uwansa MESECAM, wanda ya yaɗu a ƙasashen Larabawa. Ta fuskar girman ɗauka babu bambanci, SECAM ma layi 625 ne da firam 25, don haka 720x576 ne. Bambancin a kala yake: in ka sa shi a na'urar da PAL kaɗai ta sani, hoto zai fito baƙi da fari. Na'urorin bidiyo masu rubutun tsari da yawa a goshinsu, waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Jidda da Dubai, su ne maganin wannan.

Rubutun jikin kaset yana ba da haske: E-180 na kasuwar PAL ne, T-120 na kasuwar NTSC. Amma wannan tsawon zare yake nunawa, ba abin da aka naɗa a kai ba.

Akwai tarko ɗaya. Na'urorin PAL da yawa suna kunna kaset ɗin NTSC ta hanyar fitar da wata gaurayayyiyar sigina, layi 525 amma kalar a kan mitar PAL, ana kiranta PAL-60 ko NTSC 4.43. Talabijin tana karɓa, amma ba kowace na'urar ɗauka ke gane ta ba. Idan taka ta gane, girman 720x480 ne, domin layukan na NTSC ne.

Akwai wani layi mai rawa a can ƙasan hoton. In yanke shi wajen ɗauka?

Bar shi. Wurin da kawunan na'urar biyu masu karanta zaren kaset ke miƙa wa juna aiki ne, yakan ci layuka kaɗan a ƙasa, kuma yana kowane kaset. Da ba ka ganinsa ne saboda tsohuwar talabijin tana ɓoye gefunan hoto a bayan bakin allonta. A kwafin kallo sai a rufe shi da baƙi. In yankewa za a yi kafin a warware saƙa, a yanke adadin layi mai cika biyu-biyu, in ba haka ba jerin falle zai juye.

Wurin ajiya nawa zan tanada?

Hoton 720x576 da ba a matse ba, mai tsarin kala 4:2:2 da bit 8, yana cin kusan megabait 21 a daƙiƙa, wato wajen giga 75 a awa. Da matsi marar asara irin su HuffYUV, Lagarith ko FFV1 yakan sauko zuwa tsakanin giga 25 da 40 a awa, ya danganta da yawan yayyafin hoton. Kaset E-180 awa uku ne, don haka ka lissafa giga 100 ga kowanne. Rumbu mai tera ɗaya zai ɗauki kamar goma. Tsarin DV yana cin giga 13 a awa, kuma ga PAL ba laifi, in rumbu ya yi ƙaranci.

Abin da ba na so shi ne ɗauka kai tsaye zuwa ƙaramin MP4. Hoton kaset cike yake da yayyafi, shi kuwa matsi ba ya bambanta yayyafi da hoto, sai ya ƙarar da ƙarfinsa a kan yayyafin ya bar fuskoki a dame. Girman ɗauka daidai tare da matsi mai tsanani asara ce ita ma.

A duba rumbun kada ya zama FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Filashi da yawa da shi suke zuwa. A mayar da shi NTFS ko exFAT. Sauti kuma a ɗauke shi a kilohaz 48, bit 16, ba matsi.

Kaset ɗin kwafin kwafi ne, ko an naɗe shi a LP, wato saitin dogon zango. Tun da hoton ya riga ya mutu, ba sai in rage girma ba?

Layukansa 576 ne shi ma, falle biyu ne shi ma. Irin wannan kaset ma ya fi buƙatar cikakken awo, domin shi ne za a fi yi wa gyara.

S-VHS, Video8, Hi8 da MiniDV fa?

S-VHS na 1987 da Hi8 na 1989 kaifinsu ya kai wajen layi 400, wato sama da 500 a faɗin allo, don haka 352 ba ya ma cikin lissafi, 720 ne kawai. Video8 da Betamax sa'o'in VHS ne, su ma 720x576. VHS-C, ƙaramin kaset ɗin kyamara, VHS ne a ƙaramin gida, ana sa shi a adafta.

MiniDV da Digital8 labarinsu daban. Abin da ke jikinsu lambobi ne tun asali, 720x576 a PAL. Ba ɗauka ake yi ba, kwafewa ake yi ta wayar FireWire, fayil ya shigo yadda yake ba ragi ba ƙari. Wanda ya bi da su ta waya ruwan ɗorawa ya rage musu kyau a banza.

Idan girman ɗauka a tsaye yake, me ke ƙara wa hoto kyau?

Na'urar da ke kunna kaset, ita ce gaba da komai. Kai mai datti, ko bel da ya saki, ko saitin bin layi da ya kauce, babu lambar da za ta rufe su. Na'urorin S-VHS na JVC da Panasonic su aka fi nema domin suna da mafitar S-Video, waya mai fil huɗu da ke ɗauko haske daban kala daban. A kaset ma a rabe suke, waya ruwan ɗorawa ce ke gwamutsa su, na'urar ɗauka ta sha wahalar sake rabawa, a bar ɗige-ɗige masu tafiya a gefen kala.

Sai mai daidaita lokaci, TBC. Zaren kaset ba ya tafiya da sauri ɗaya tak, don haka wani layi yakan fara da wuri wani a makare, ƙofa ko sandar rumfa ta riƙa lanƙwasa. TBC yana jera layukan daidai kafin su isa kwamfuta. Wasu na'urorin S-VHS suna da shi a ciki, wasu masu aikin kuma suna ratsa siginar ta cikin tsohuwar na'urar naɗar DVD ta Panasonic, irin su ES10 da ES15, don su samu kwatankwacinsa.

Sannan a lura da haske. Farar shadda a rana tsaka takan ƙone ta zama fari fat babu ɗinki babu ninki, idan hasken ɗauka ya wuce iyaka. Ma'aunin hasken bidiyo daga 16, wato baƙi, zuwa 235, wato fari, yake. A rage haske a saitin na'urar kafin a fara, domin abin da ya ƙone wajen ɗauka ba ya dawowa.

Kaset ɗin da ya yi farin fumfuna a jikin zarensa kada a sa shi a na'ura mai kyau sai an tsabtace shi, yana toshe kai nan take.

Kwamfutata tsohuwa ce, tana zubar da firam, sauti yana rigan hoto. In rage girma?

Da wuya girman ne sanadi. Kwamfutocin shekara ashirin da suka wuce suna ɗaukar 720x576, kuma USB 2.0 ya ishe shi. Galibi siginar kaset ce ke tangarɗa, musamman inda aka tsayar da kyamara aka sake kunnawa, kuma TBC ke maganinta. In ba ita ba, rufe intanet da sauran manhajoji, ka ɗauka a rumbun da ba shi ne ke ɗauke da Windows ba, ka hana kwamfutar yin barci. Manhajojin ɗauka irin su VirtualDub da AmaRecTV suna nuna adadin firam ɗin da aka zubar, a riƙa dubawa. OBS kuwa, shi ma na ɗauka, an gina shi ne don yaɗa shiri kai tsaye, yakan canza girma da saurin firam ba tare da ka lura ba, sai an bi saitinsa a hankali.

Kuma a jona na'urar bidiyo a inbata ko UPS. In aka ɗauke wuta zare yana naɗe a kan gangar da ke ɗauke da kawunan, fitar da kaset ɗin ba tare da ya tauna shi ba aiki ne.

Zan ɗora a YouTube, in kuma tura wa dangi ta WhatsApp. A nan ma 576?

A nan kumburawa tana da amfani, amma a kwafi. YouTube ba ya nuna firam 50 sai daga 720 zuwa sama, kuma ya fi matse ƙananan bidiyo. Don haka a warware saƙa zuwa 50, a rufe gefuna, a kumbura zuwa 960x720 ko 1440x1080, duka fasalin 4:3 ne. Kada a ja shi zuwa 1920. WhatsApp kuwa yana sake matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. A yi MP4 na H.264 a 768x576, a tura shi a matsayin takarda, wato Document, yana karɓar har giga 2.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da tsohon bidiyo sabo fa?

Suna ƙirƙiro abin da suke tsammani ne, ba abin da ya faru ba. A bango da bishiya ba a damu ba. A fuska kuwa, musamman ta wanda ke can baya a cikin taro, sukan zana idanu da haƙoran da ba nasa ba, wani lokaci su shafe tsagen fuska don sun ɗauke shi yayyafi. Idan kaset ɗin shi ne kaɗai hoton marigayi mai motsi da ya rage wa iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sha'awa ya gwada a kwafi, ya rubuta a sunan fayil cewa an taɓa shi. Su ma waɗannan manhajoji sun fi aiki da 720x576 mai tsabta a kan 1080 ɗin akwatin HDMI.

Ba ni zan yi da kaina ba, shago zan kai. Me zan tambaya?

Tambayi da wane girma suke ɗauka, da kuma ta wace hanya siginar ke shiga kwamfuta. In aka ce maka za a ba ka HD, nemi a nuna maka wayoyin. Ka nemi fayil na asali a rumbunka, ban da ƙaramin kwafin waya. In DVD za a yi maka, kada a cusa fiye da awa biyu a faifai mai giga 4.7, domin na'urorin naɗar DVD suna sauke girman hoto zuwa 352 a saitin dogon zango.

Fara ba da kaset ɗaya wanda ba shi ne mafi daraja ba. In an dawo da fayil, buɗe shi da manhajar MediaInfo, kyauta ce, ka duba abu huɗu, in kaset ɗin PAL ne: faɗi 720, tsayi 576, firam 25, da kuma cewa hoton a saƙe yake. Ka tsayar da shi a inda ake motsi da sauri ka duba ko mutum yana da inuwa biyu a dame, alamar an cakuɗa falle. Sannan ka karɓo kaset ɗinka, ka mayar da zarensa farko, ka ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da rana da danshi da lasifika.